Ranar Da Na Canza Wa Tsohuwa Fulogi

Na san wasunku za su ce me ya kai budurwar da saurayi zai zo wurinta da la'asar ta tsoma hannu cikin baƙin mai. Ku yi haƙuri ku ji ni tukuna, in kun gama sai ku zage ni da hujja.

Tsohuwa dai ba mutum ba ce. A-kori-kurar Baba ce, fara a da, yanzu launinta ya koma irin na haƙoran mai yawan shan shayi. Da ita ya ciyar da mu, ya yi dakon siminti da katako da kayan masu tashi daga gida, har ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannunsa na dama ya daina aiki, harshensa ya yi nauyi, magana sai ɗai-ɗai, ita ma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Tun daga lokacin ya ƙi fitowa tsakar gida. Ba ya son maƙwabta su ga ana riƙe shi.

Ni ce auta, kuma ni ce na tashi a gindin motar nan. Yaya tun yana ƙarami warin fetur ke sa shi amai, don haka ni Baba ya riƙa miƙo wa sifana. A hannunsa na koyi tuƙi, a hannunsa na koyi sauraren inji. Bayan ya kwanta, kullum da safe sai in fita in tayar da Tsohuwa in bar ta ta ɗan ɗumama. Tagar ɗakinsa tana kallon inda take. Da zarar injin ya kama, sai in ji zoben hannunsa na hagu yana bugun ƙarfen gado, ƙwas, ƙwas. Ranar da ya buga, ranar zai ci abinci ba sai an lallashe shi ba.

To, sai Tsohuwa ta fara tari. Ta yi kwanaki tana tashi da kyar tana kakkarwa, daga baya ta ƙi gaba ɗaya. Baba ya juya fuskarsa bango. Abincin da Mama ta kai masa haka ake dawowa da shi, an ɗan taɓa gefe.

Jiya da yamma Yaya ya zo ya same ni ina wanke kofuna.

"Auta, motar nan ta gama yi. Wuri kawai ta tare. Mama ta samo mai saye, irin masu kwashe matattun motoci."

"Ba matacciya ba ce, Yaya. Fulogi ne kawai."

"Ke kullum abu kaza ne kawai. Wancan watan batir ne kawai."

"Kuma da na gyara ba ta tashi ba?"

Ya shafa ƙeya. Yaya ba mugu ba ne, gajiyayye ne. Shi ke ɗauke da gidan nan da nasa, kuma duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ke da gaskiya a wurinsa.

"Gobe ina gida," ya ce. "In ta tashi kafin magariba, wallahi na bar miki ita, ba zan sake tayar da zancen ba. In ba ta tashi ba, in kira mutumin ya turo a ja ta. Kin yarda?"

Na ce na yarda. Mama tana bakin ƙofar kicin tana jin mu, tana bin hannuna da kallo. Hannun nan nawa shi ne babban ciwon Mama. Kullum sai ta ce, "Wace uwar miji ce za ta karɓi ruwa daga wannan hannu? Dubi ƙarƙashin farcenki, kamar mai sayar da gawayi."

Yanzu bari in gabatar muku da wanda ake yi wa wannan fargaba. A wayata sunansa Farin Takalmi. A layin karɓar maganin Baba muka haɗu, ya ba ni wurinsa, ni kuma don kunya na sunkuyar da kai, abin da na fara gani shi ne takalminsa, fari tas kamar bai taɓa taka ƙasa ba. Dogo ne, mai magana a hankali, in ya yi dariya sai ya rufe baki da bayan hannu. Wayoyinsa biyu, babba da yake kirana da ita, da wata ƙarama ta aiki da ke zama a aljihun gaban rigarsa. Ya ce mini a ofishin kawunsa yake aiki, harkar ƙarafa. Na ɗauka rodi da kwanon rufi ne, ban ƙara tambaya ba. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Son da ya sa duk ranar da zai zo sai na dirje hannuna da lemon tsami da sukari har ya yi ja, don kada ya san abin da nake yi da safe.

Yau tun da sassafe na je shagon kayan mota na sayo fulogai huɗu, kowanne a ɗan kwalinsa. Niyyata in gama kafin rana ta ɗaga. Ina shigowa Mama ta tare ni.

"Sai ki fara share falo. Labulen nan ma a sauke a sa mai ruwan toka. Baƙo zai zo."

"Mama, ai ba yau ya fara zuwa ba."

"Yau ma ba zai tarar da ƙura ba."

Na share falo. Na sauya labule. Na goge tebur, na goge hoton Baba da ke bango, na jera kofunan gilashi a faranti. Ina gamawa ta ce shinkafa, ina gama tsince shinkafa ta ce guga. Idona yana kan aikin, hankalina yana tsakar gida. Duk wucewar da zan yi ta taga sai na leƙa Tsohuwa, in leƙa inuwar katanga in ga inda ta kai. Wayata ta yi ƙara a aljihu.

"Gimbiya, ina nan tafe bayan la'asar. Me kike yi?"

Na rubuta, "Ina taya Mama aiki."

"Kada ki gajiyar mini da hannayen nan masu laushi."

Na kalli hannun, na kalli saƙon, na tura masa 'yar fuskar nan mai rufe ido. Ƙarya dai ba ta da wuya a waya.

Sai bayan azahar na samu kaina. Na zura tsohuwar rigar aikin Baba mai shuɗi, wadda hannunta ya yi mini tsawo sai na naɗe, na ɗaure kaina da tsohon ɗankwali, na jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin benci. Na ɗaga murfin injin na tokare shi. Abu ɗaya da jinkirin bai ɓata ba shi ne injin a sanyaye yake, don Baba ba ya yarda a kwance fulogi da zafi.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin mota ba, abin ba shi da wuya. Fulogai huɗu ne a jere a jikin injin, kowanne da wayarsa mai kauri da ke kawo masa wuta. Wayoyin duka suna fitowa ne daga wani baƙin murfi mai hanci huɗu, shi ke raba wutar bi da bi. Kowace waya da hancinta, kowace da fuloginta. In aka sauya musu wuri, wuta za ta je inda ba a kira ta ba, motar kuma ba za ta tashi ba. Shi ya sa dokar Baba ɗaya ce tun ina tsayawa a kan bokiti don in hango ciki: "Ɗaya-ɗaya, Auta. Kada ki taɓa ta biyu sai ta farko ta koma gidanta." Da wannan doka ban taɓa buƙatar haddace wace waya ke zuwa ina ba.

Na kama hular robar waya ta farko, ba jikin wayar ba, na murɗa na zare. Na hure ƙurar da ta taru a ramin don kada ta faɗa ciki. Na zura doguwar sifanar nan mai rami, na danna. Ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, na cije leɓe, sai ya saki da wata 'yar ƙara. Da na zaro shi, bakinsa baƙi ƙirin, ya yi kitse da toka, ƙarfen tsakiyar ya cinye. Na ce a raina, ai dole ki yi tari, Tsohuwa, da wannan kike numfashi? Na ɗauko sabon, na gwada tazarar bakinsa da ɗan siririn ƙarfen awo da Baba ke ajiyewa a gwangwanin ashana, na zura shi da yatsu. Da hannu ake fara ɗaurawa, a hankali, sai ya shiga salin alin kafin a sa sifana a ɗan matse. Na mayar da wayar har na ji ta ce ƙat.

Ɗaya ya tafi. Raina ya ɗan yi sanyi. Ina cikin murɗa hular ta biyu na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, dab da get. Na san ƙarar motar. Ko kiran la'asar ba a yi ba.

Guduwa ba ta yiwuwa, tsakanina da ƙofar ɗaki akwai fili. Ya yi sallama ya turo ƙaramar ƙofa, sanye da farar riga mai dogon hannu da takalmin nan nasa. Ni kuwa ga ni cikin rigar Baba, baƙin mai har gwiwar hannu, sifana a hannu kamar an kama ɓarauniya.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Na jira ya zaro ido, ko ya yi dariya, ko ya ja da baya. Ko ɗaya bai yi ba. Murmushi kawai ya yi ya ce, "Sannu da aiki, gimbiya."

Da ina cikin hayyacina da na tambayi kaina me ya sa bai yi mamaki ba. Amma kunya ta toshe mini kai.

Mama ta fito da sauri tana gyara mayafi. "Lale, lale, ɗana. Ka yi sammako. Ke kuma wuce ki wanke jikinki, kin tsaya kina kallon mutane."

"Mama, saura uku. Minti kaɗan ne."

"Wuce, na ce."

"Je ki," in ji shi, a hankali. "Zan tsare miki ita."

Na mayar da hular ta biyu inda take, na shige. Wanka na yi irin na tsuntsu. Na fito na tarar Mama ta shimfiɗa mini doguwar riga ruwan zuma mai ɗinkin zare a wuya, da mayafi mai ratsin gwal. Na zura, na ce na gama. Ta ce ɗankunnen bai shiga da rigar ba. Na sauya. Ta ce ɗaurin ɗankwalin ya karkace, ta kwance ta sake da hannunta, a hankali kamar mai kitso. Ta kamo yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana bin ƙarƙashin farcen da tsinke. Aka kira la'asar, ta ce in yi salla tukuna. Na yi, Allah ya yafe mini, rabin zuciyata tana cikin inji.

Da na fito, sai na tarar da shi tsaye gaban Tsohuwa ya naɗe hannun riga. A kan benci ya shimfiɗa tawul ɗin Baba, a kan tawul ɗin kuma ga wayoyi huɗu a jere, a miƙe, an goge su suna ƙyalli. Duka huɗun. Ya zare su daga fulogan, ya zare su daga baƙin murfin.

"Na ga sun yi datti ne," ya ce. "Na ce bari in rage miki aiki."

Na leƙa cikin injin. Hanci huɗu a buɗe, fulogai huɗu tsirara, babu alamar wace ta fito daga ina. Wayoyin ma tsawonsu ɗaya, a haka Baba ya sayo su.

"Na yi ɓarna ne?" ya tambaya.

"A'a," na ce. "Ba komai. Ba ka sani ba ne."

Ku ji fa. Ni ce ma nake ba shi haƙuri.

Ban koma na cire rigar ba, babu lokaci. Na tattare hannunta, na cusa gefen mayafin a wuya, na kama sifana. Mama ta yi salati daga bakin ƙofa, "Rigar! Auta, rigar!" Ban waiga ba. Na kwance sauran ukun na ɗaura sababbi, a hankali duk da ƙurewar lokaci, don fulogin da aka ɗaura a karkace ya fi wanda ba a taɓa ba illa. Yaya ya shigo daga masallaci ya tsaya ya harɗe hannu. Ya kalli wayoyin, ya kalli sama. Inuwar katanga ta riga ta haye motar.

Na ɗauko wayata na shiga nema. Hotuna suka fito birjik, kowanne da lambobi da kibiyoyi. Matsalar ita ce injin da ke cikin Tsohuwa ba nata na asali ba ne. Baba ya sauya shi tun ina firamare, da na wata mota, kuma ya zaunar da murfin nan yadda ya ga dama. Babu hoton da ya yi kama da abin da ke gabana. Na zaɓi wanda ya fi kusa, na jona, na zagaya na murɗa makulli.

Injin ya juya, ya juya, bai kama ba.

Na sauya biyu. Na sake murɗawa. Sai ji muka yi tau! kamar an harba bindiga, baƙin hayaƙi ya fito ta baya. Mama ta dafe ƙirji. Karen maƙwabta ya kama haushi.

"Auta," in ji Yaya, "kada ki ƙone mu."

"Sau ɗaya kawai, Yaya."

"Batirin ma ya fara sanyi. Ba ki ji ba?"

Na ji. Kowace murɗawa sai juyin ya ƙara nauyi. Zufa ta jiƙa bayan rigar, mai ya ɗiga a gabanta. Farin Takalmi yana gefe ya sunkuyar da kai yana goge yatsunsa da hankici. Idona ya cika da hawaye, na haɗiye su, don na rantse ba zan yi kuka a gabansa ba.

Sai muka ji bugun zobe daga ɗakin Baba. Ba ƙwas, ƙwas ɗin safe ba. Bugu ne ba ƙaƙƙautawa, da ƙarfi, kamar mai neman a buɗe masa ƙofa.

Na ruga. Na same shi ya yunƙura ya jingina da bango, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Idonsa a kaina, a kan baƙin man da ke hannuna. Leɓensa ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito.

"Fi... tar."

"Baba, in fitar da me?"

Ya bugi ƙirjinsa da hannun hagu.

Na ƙwala wa Yaya kira. Muka kama shi, Yaya ta ɓarin da ya mutu, ni ta mai lafiya. Ya yi rama, rigarsa tana yawo a jikinsa, nauyinsa bai kai na buhun da yake ɗagawa da hannu ɗaya a da ba. A bakin ƙofa hasken ya kashe masa ido, ya tsaya yana ƙiftawa. Mama ta toshe baki da mayafi. Farin Takalmi ya yi saurin jawo kujera, Baba ya girgiza kai. Gaban motar yake so. Muka kai shi ya dafa ƙarfenta, ya shafa shi da tafin hannu, sannan ya leƙa ciki.

Ya ga abin da na jona. Ya yi wani ɗan tsaki da rabin baki, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin tsaki irin na yau ba.

Ya yi mini alama in cire duka. Na cire. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna fulogin gaba, sannan ya kai yatsan kan wani hanci da ban taɓa zato ba. Na jona. Ƙat. Ya nuna na uku, ya nuna hancinsa. Ƙat. Saura biyu. Nan ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Ƙafarsa ta fara rawa, Yaya ya ƙara riƙe shi. Ya nuna fulogi na huɗu, ya miƙa yatsa wajen murfin, yatsan ya kama kakkarwa tsakanin hancin sama da na ƙasa. Ya buɗe baki, kalma ta ƙi zuwa. Na ga haushin kansa ya cika masa ido.

"Wanne, Baba? Wannan? Ko wannan?"

Daga bayana, can ƙasa-ƙasa, wata murya ta ce, "Na ƙasan."

Baba ya gyaɗa kai. Na jona na ƙasan, na jona na ƙarshe a inda ya rage. Ban tsaya tunanin wanda ya yi maganar ba. Na zagaya na faɗa kujerar direba, na yi bisimilla, na ɗan taka totur, na murɗa.

Ta juya da nauyi sau ɗaya. Ta sake juyawa. Sai ta kama.

Jama'a, ta kama! Ba tari, ba kakkarwa, wani lafiyayyen gurnani mai santsi irin wanda na tashi da shi a kunne. Na kifa kaina a sitiyari na saki kukan da nake ta riƙewa. Ta cikin ƙarar injin na ji zoben Baba a jikin ƙarfen motar, ƙwas, ƙwas. Da na ɗago, rabin fuskarsa yana dariya.

Yaya ya zaunar da shi a kujera, ya share ido da hannun riga yana yi kamar hayaƙi ne ya shige shi. "To, 'yar bakanike, kin ci. Magana ta ƙare. Bari in kira mutumin in ce ya haƙura." Ya zaro wayarsa. "Mama, lambar nan da kika ba ni ce, ko? Ni ban taɓa jin muryarsa ba ma, saƙo kawai muke yi."

"Bari sai an jima," Mama ta ce da sauri. "Ba yanzu ba."

Amma ya riga ya danna.

Wata 'yar ƙaramar waya ta fara kuka a tsakar gidanmu. Muka dubi juna. Kukan yana fitowa ne daga aljihun gaban farar riga. Farin Takalmi bai taɓa ta ba. Ya tsaya kawai, ta yi ta kuka a kan ƙirjinsa har Yaya ya sauke tasa daga kunne ya kashe.

Harkar ƙarafa. Ashe matattun motoci kawunsa ke saye yana farkewa. Sai komai ya dawo mini lokaci guda: rashin mamakinsa da ya gan ni cikin rigar Baba, ɗankunnen da Mama ta sa na sauya, wayoyin da aka zare ta hularsu ba a tsinka ko ɗaya ba. Da muryar nan da ta ce na ƙasan. Wanda bai san mota ba, ina ya san na ƙasan?

Na sauko na bar injin yana aiki. Na tsaya a gabansa, da rigata ruwan zuma da ta gama lalacewa.

"Da gangan ka cire su?"

Na so ya yi mini ƙarya. Wallahi da ya ce a'a da na nemi hanyar yarda.

"Eh," ya ce.

"Tun yaushe ka san ni ke gyara ta?"

"Tun zuwana na biyu. Lemon tsami ba ya fitar da na gefen farce." Ya dubi hannuna. "Ni bai dame ni ba. Amma maganar ta kai kunnen mahaifiyata, ta fara ja da baya. Mamanki ta kira ni ta ce in motar ta bar gidan nan, zancen ya mutu, kowa ya huta. Na ɗauka ƙarfe ne kawai. Ban san haka Baba yake da ita ba sai da na ga an fito da shi."

"Don ke na yi," in ji Mama, muryarta ta karye. "Kullum ina kallonki kina tsufa a gindin mota. Ubanki ya kwanta, ke ma sai ki kwanta tare da shi? So nake in ga kin tafi ɗakinki kamar kowace 'ya."

Na san ba ƙiyayya ba ce, kuma hakan ya fi ciwo. Yaya ya tsaya baki sake, yana kallon wannan yana kallon wancan.

Baba ne ya katse mu. Ya bugi hannun kujera, ya nuna get.

"Za... ga."

Haka yake yi duk ranar da ya gama gyara, sai ya zaga da ita unguwa ya ji yadda take ja. Na ce, "Baba, kai ma za ka?" Ya harare ni, irin hararar da ke nufin da wa za ki tafi in ba ni ba. Yaya ya ɗauke shi cak ya zaunar da shi a kujerar gefen direba, ya ɗaura masa bel, ya sa filo ta ɓarin da ba ya ji. Na rufe murfin injin, na shiga, na sa giya. Yaya ya wangale get.

Motar Farin Takalmi tana nan a gicciye, ta tare hanya.

Ya tako zuwa tagata. Ɗigon baƙin mai ya sauka a kan takalminsa na dama, bai ma lura ba. Ya sunkuyo, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Zan janye. Amma ki faɗa mini, in na janye, zan iya dawowa?"

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Zuciyata rabi tana cewa ki ce masa kada ya sake tako ƙofar nan, rabi tana tuna mini cewa da bai ce na ƙasan ba, da yanzu batirin ya mutu.

Sai hannun hagun Baba ya miƙo a hankali, yana rawa, ya tsallake hannuna, ya sauka a tsakiyar sitiyari. Ya danna hon, ya ƙi ɗagawa.

Farin Takalmi ya yi firgigit ya ja da baya. Ya tafi ya janye motarsa.

Muka fita. Iska ta shigo ta taga tana kaɗa hular Baba, yana bin shaguna da mutanen layinmu da kallo kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Mai shagon kan kwana ya gane shi, ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu biyu. Tsohuwa tana tafiya sumul.

A madubi na hango shi tsaye a ƙofar gidanmu, hannun rigarsa har yanzu a naɗe, bai shiga motarsa ba, bai koma ciki ba. Na ce wa kaina ba zan sake dubawa ba.

Kafin mu sha kwana, sai da na sake dubawa.